Wai Turanci ma har sai an je jami'a an karanta shi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, ya aiki, ya haƙuri da irinmu masu cika muku akwati da surutu. Dan Allah ka ɗan ba ni fili, kuma ka yi haƙuri wasiƙar za ta yi tsawo, abin ne ya daɗe yana cina a rai, sai satin da ya wuce aka zo aka sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

'Yar yayana ce ta nemi karatun lauya. Ta yi ƙoƙari a JAMB daidai gwargwado, amma da admishan ya fito sai aka ba ta Turanci da Adabi. Wallahi da na shiga gidan ranar na ɗauka rasuwa aka yi. Yarinya tana ɗaki tana kuka, uwarta ta buga tagumi, shi kuma Yaya sai safa da marwa yake a tsakar gida da waya a kunne yana neman wanda ya san wanda ya san wani a jami'ar ko za a canza mata. Can sai goggonmu ta ce, "To ita wannan turancin da take cika mana kunne da shi tun tana 'yar nazire bai ishe ta ba, sai ta ƙara shekara huɗu a kansa?" Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, saboda ni ma abin da na karanta ke nan, kowa a wurin ya sani, kuma ba wanda ya ji nauyin idona.

Ban ga laifin Goggo ba gaskiya. Ni kaina haka na ɗauki abin kafin na shiga, kuma ni ma ba shi na nema ba, ni ma ragowar lauyoyin ne. Akwai dalilin da ya sa hakan yake yawan faruwa wanda iyaye da yawa ba su sani ba. Duk wanda zai nemi karatun lauya sai yana da kiredit a Adabin Turanci a WAEC ko NECO, kuma sai ya zauna masa a JAMB, to shi ma sashen Turanci wannan darasin yake nema. Ga shi kuma kowace tsangayar shari'a akwai iya adadin ɗaliban da aka yarda ta ɗauka ba ta isa ta wuce ba, masu nema kuwa kamar fari. Idan gurbi ya cika ina za a kai sauran? Sai a waiga a ga ai takardunsu sun dace da Turanci, sai a juye su can. Shi ya sa ranar da muka fara shiga lakca, malamin ya ce duk wanda da kansa ya cike Turanci a fom ya ɗaga hannu, aji cike maƙil har da na tsaye a taga amma hannuwan da suka tashi za ka iya ƙirga su ba tare da ka gaji ba. Malamin ya yi murmushi ya ce to sannunku da zuwa sansanin 'yan gudun hijira.

To ni dai bari na faɗi abin da ke cikin kos ɗin nan tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da farko, koyar da magana da turanci ba shi ne ainihin aikin da ake yi a can ba. Wannan shi ne babban kuskuren da mutane suke yi, suna ɗauka za ka shiga ne a ɗura maka manya manyan kalmomi ka fito kana magana ta hanci kamar ɗan Sarkin Ingila. Ina! Idan ka shiga da gurguwar turanci kuma ba ka tashi tsaye da kanka ba, da ita za ka fito, sai dai ta samu satifiket. Abin da ake yi shi ne a kwantar da harshen a feɗe shi kamar yadda mahauci yake feɗe rago, a ga yadda ƙashi ya haɗu da ƙashi. Ɓangare ɗaya na harshe ne, ilimin furuci da tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jimla da ilimin ma'ana da nazarin salo da yadda harshe yake tafiya a cikin al'umma. Ɗaya ɓangaren kuma adabi, wato waƙa da wasan kwaikwayo da zube, na Ingila da na Amurka da na Afirka, da adabin baka, da hanyoyin tarke. Shekara huɗu ne ga wanda ya shigo ta JAMB, mai NCE ko difloma kuma yakan fara daga aji biyu, a shekarar ƙarshe ka rubuta firojet. Shekara huɗun nan a takarda ne fa, wanda yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na wata takwas ɗin nan na 2022 suka rutsa da shi ya san huɗu tana iya zama shida.

Ajin fonetik, wato ilimin furuci, shi ya fara sauke min girman kai. Ni da nake taƙama ni ne zakaran muhawara a sakandarenmu, sai aka ce na tashi na karanta pan da fan, na karanta su iri ɗaya sak, aji ya ɗauki dariya, musamman 'yan'uwanmu na kudu, har da mai riƙe ciki. Na ji kunya ranar kamar ƙasa ta tsage. Amma abin da malamin ya yi bayan nan shi ne ya sa na fara son kos ɗin. Ya ce wa masu dariyar kowa ya tashi ya ce ƙaiƙayi, ya ce ɗanɗano, ya ce ɓarawo, ko mutum ɗaya bai iya ba. Sannan ya hau allo ya yi mana bayani cewa haruffan turanci 26 ne amma sautukansa sun kai 44, baƙaƙe 24 wasula 20, alhali mu wasulanmu biyar ne kowanne da gajere da dogo sai tagwaye ai da au. Kuma a Hausa babu wasu kalmomi biyu da bambancinsu kawai shi ne wannan da p waccan da f, shi ya sa kunnen Bahaushe yake jin su abu ɗaya, ba daƙiƙanci ba ne, tsarin harshensa ne. Haka nan harshenmu ba ya yarda baƙi biyu su yi cunkoso a farkon kalma sai ya cusa wasali a tsakani, shi ya sa brush ya koma buroshi, screw ya koma sukuru, bread ya koma burodi. Wallahi na fito daga ajin nan ina ta maimaita sukurudireba a hanya kamar taɓaɓɓe. Shekara ashirin ina faɗar kalmar ban taɓa sanin akwai doka a ƙarƙashinta ba. Kuma a ajin turancin nan ne, ba a ajin Hausa ba, na fara gane cewa abin da ya raba kukan yaro da kukar miya karin sauti ne, abin da shi bature sai ya sha gumi kafin kunnensa ya kama.

Sai tarihin harshen. Mu nan muna ganin turanci kamar daga sama ya faɗo da kwat da nakatayel. Ashe shi ma ya taɓa zama yaren talakawa a ƙasarsa. A 1066 Normawa masu jin Faransanci suka tsallako suka ci Ingila da yaƙi, aka yi shekaru aru aru fada da kotu da manyan gari Faransanci suke yi, turanci kuma na manoma ne da bayin gida. Har yau tabon yana nan, saniya tana raye a hannun makiyayi sunanta cow, idan ta iso teburin mai gida ta zama beef, tunkiya sheep namanta mutton, na biyun duk daga Faransanci suke. Kalmomin shari'a irin su judge da court da justice duk aro ne. Da na ji haka sai na tuna da alƙali da hukunci da shari'a da shaida a bakinmu, ai mu ma daga Larabci muka ɗauko su ta hanyar malamai da fada. Tun daga ranar na daina jin tsoron turanci, na gane shi ma maroƙi ne kamar kowane harshe, sa'a kawai ya taka da jiragen ruwa da bindiga.

Ko shi Shekspiya da ake tsorata yara da shi, wanda ya rasu tun 1616, akwai wurin da Bahaushe ya fi ɗan Landan na yau saurin gane shi. A zamaninsa suna da thou suna da you. Thou ta tsakanin abokai ce ko idan babba yana yi wa na ƙasa magana, you kuma ta girmamawa ce da jam'i. To mu da muka tashi ana kwaɓarmu idan muka ce wa dattijo kai maimakon ku, ai ba sai an yi mana dogon sharhi ba, da ka ga mutum a wasan ya sauko daga you ya koma thou ka san ko raini ya shigo ko shaƙuwa. Turawan yau sun yar da wannan bambancin, mu muna nan da namu. Akwai dai wani marubuci Chaucer, mu Cosa muke ce masa, ya riga Shekspiya da wajen shekara ɗari biyu, shi kam turancinsa sai da taimakon Allah da ƙamus, ban taɓa sonsa ba kuma har yau ban yafe masa C ɗin da ya ja min ba.

Yanzu bari na zo kan ainihin abin da ya sa na ɗauki biro, don ba yabon kos ɗinmu kawai na zo yi ba. Goggo tana da 'yar gaskiya ta wani wajen, akwai masu digirin Turanci da yawa da idan ka ce su rubuta maka takardar neman aiki shafi ɗaya sai ka yi musu gyara, kuma mutanen gari suna gani, shi ya sa suke raina mu. Dalili kuwa ɗaya ne, muna yin digirin karatu ba tare da mun yi karatun ba. A samista ɗaya, kos ɗin ƙagaggun labarai kawai zai iya zuwa da littafi takwas ko goma, ga na wasan kwaikwayo, ga na waƙa. Me ɗalibi yake yi? Ya tafi shagon fotokwafi ya sayi samari, wato taƙaitawar da wani tsohon ɗalibi ya rubuta shekara goma da suka wuce, shafi huɗu, an jero jigo an jero taurari an jero salo, ya haddace ya shiga jarrabawa ya amayar ya fito. Yanzu ma na ji an ci gaba, ko fotokwafin ba a saya, waya ake tambaya ta taƙaita maka littafin cikin minti ɗaya. Mutum ya gama aji huɗu ya saka rigar yaye ɗalibai an yi hotuna an ci shinkafa, amma bai taɓa karanta littafi biyar daga bango zuwa bango ba. Wannan kamar a ce mutum ya yi saukar karatu ne da jin labarin surori a bakin wani.

Ba wa'azi nake ba, ni ma na yi. Shekarata ta farko gaba ɗaya da samari na ci ta, kuma na samu maki mai kyau har ina ganin na fi kowa wayo. A aji biyu ne dubuna ta cika. Wata malama ce, Allah ya saka mata da alheri duk da lokacin ba addu'ar da nake mata ke nan ba, ta shigo jarrabawa ba ta tambayi jigo ba ba ta tambayi taurari ba, sai ta ciro sakin layi ɗaya daga tsakiyar littafin ta ce a faɗi wa yake magana, me ya faru kafin nan, kuma me ya sa marubucin ya gajarta jimlolinsa a daidai wannan wurin. Na zauna ina kallon fanka. Na cika shafi uku da turancin da ba shi da kai ba shi da gindi, sakamako ya fito kariyoba. Da na je ofishinta da 'yar muryar ban tausayi, ba ta yi min faɗa ba, littafinta ta ciro daga jaka duk ya sha ja da jan biro ta miƙo min ta ce na dawo bayan sati biyu mu yi hira. A hutun nan na karanta shi a shagon babanmu ina auna wa mutane suga ina juya shafi. Karo na farko ke nan da na ji littafin turanci ya riƙe ni har abinci ya huce. Abin da na gane shi ne duk wani abu mai amfani a kos ɗin nan yana cikin wannan zaman ne na kai da littafi, a nan kalmomi suke shiga, a nan kake ganin yadda ake ɗaure jimla, a nan kake koyon gane inda mai magana ya yi maka dabara. Samari ba ya ba ka ko ɗaya daga ciki.

Amma kafin a ɗora wa ɗalibai laifin duka, a duba inda suka fito. A makarantun gwamnati da yawa a nan arewa babu malamin Adabin Turanci sam, inda akwai kuma sau da yawa malamin turancin ne aka ɗora masa, shi ma bai da littattafan. Laburare kuwa idan akwai ɗakin to ko an mayar da shi sito ko makullin yana hannun wanda ya yi ritaya. Yaro ya zo aji shida bai taɓa riƙe littafin ƙagaggen labari na turanci ba, a yi masa dabarar da aka saba ya samu kiredit, ya shigo jami'a a dire masa littafi goma a gabansa, ai dole ya nemi hanyar gudu, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin mamaki kuma 'yan matan da suka taso suna karanta littattafan Hausa na soyayya a ɓoye a ƙarƙashin filo, waɗanda ake ta yi wa faɗa, su ne na ga sun fi mu jure zama da littafi, don su sun riga sun saba da shafi ɗari uku ba ya ba su tsoro. 'Yar yayan nan tawa tana cikinsu, shi ya sa ma nake ganin kamar Allah ne ya zaɓa mata.

Akwai masu cewa to me ya haɗa ɗan Bahaushe da adabin turawa, ba bautar tunani ba ce? Wannan tambayar ba sabuwa ba ce kuma a cikin sashen ma ana yin ta, har faɗa muke a kanta a aji. Tun a 1968 marubucin nan ɗan Kenya Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu a jami'ar Nairobi suka rubuta takarda suna neman a rushe sashen Turanci ɗungurungum a kafa wanda zai sa adabin Afirka a tsakiya, daga baya shi Ngugin ya koma rubuta labaransa da harshensu na Gikuyu. Chinua Achebe kuma ya tsaya a kan cewa zai yi amfani da turancin amma zai tanƙwara shi ya ɗauki kayan mutanensa. Af, na ma tuna, Yaya idan kana karanta wannan, shi Achebe likitanci aka ɗauke shi ya karanta a Ibadan a 1948 da sikolashif ɗinsa, da kansa ya bari ya koma Turanci da tarihi da ilimin addini har ya rasa sikolashif ɗin, ka ga da a gidanmu yake da an kira taron dangi. Ni dai a wannan rigimar ina ganin kowannensu ya kama ƙafa ɗaya ta gaskiya. Ban yarda a kori Shekspiya ba, amma ina jin haushin yadda ɗalibi zai iya zayyano maka ƙa'idojin waƙar turawa mai layi sha huɗu, ka ce masa ya faɗi bambancin ƙwar biyu da ƙwar biyar a rubutacciyar waƙar Hausa ya tsaya yana sosa ƙeya. Ga sashen Hausa nan ƙofa da ƙofa da namu, ana ba da damar ɗaukar kos na zaɓi, amma 'yan Turanci gani suke faɗuwar daraja ce su leƙa.

Alhali magabatan da muke tutiya da su ba haka suka yi ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa da turawa da kansu suke sha'awar jin turancinsa, malamin makaranta ne, kuma da ya tashi rubuta labari da Hausa ya rubuta Shaihu Umar a gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933. Bala Abdullahi Funtuwa ya ɗauko littafin George Orwell ya mayar da shi Gandun Dabbobi, Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wasan Shekspiya Daren Sha Biyu. Wannan aikin sai wanda ya riƙe harsunan nan biyu gam. A ɓangaren masu rubutu da turanci kuma ga Zaynab Alkali da ta yi karatun Turanci a Bayero, ga Helon Habila ɗan Kaltungo da ya karanta shi a Jami'ar Jos ya zo ya ci kyautar Caine ta marubutan Afirka a 2001. Ba cewa nake kowa zai zama su ba, ni ma ban zama ba.

Maganar aiki kuwa ba zan yi wa kowa ƙarya ba, don ita ce ainihin abin da ke damun Yaya, ba son shari'a ba. Mafi yawanmu koyarwa muke, kuma ko ita idan digirinka ba na ilimi ba ne sai ka ƙara da PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Albashin makarantun kuɗi kowa ya san shi, ba sai na tona asirin kaina a jarida ba. Wasu suna shiga aikin jarida da rediyo, wasu banki, wasu aikin gwamnati, wasu ƙungiyoyin agaji, wasu gyaran rubutu. Ba wanda zai ɗauke ka don kawai takardarka ta ce Turanci, za a ba ka shafi ne a ce gyara ko rubuta ko fassara, a nan ake gane ɗan samari da wanda ya karanta. Su ma lauyoyin ai muna ganinsu, ba duka ne suke hawa mota ba, akwai masu yawo a harabar kotu da tsohuwar kwat suna jiran mai neman afidabit.

Ni abin da yake riƙe ni bayan koyarwa fassara ce, kuma a nan na ga amfanin kos ɗin ƙuru ƙuru. Kwanaki wata ƙungiya ta kawo min takardar wayar da kai kan lafiyar mata wadda aka riga aka fassara aka raba a ƙauyuka mutane suka ƙi ko kallonta. Da na duba sai na ga nahawun ba laifi, amma wanda ya yi aikin ya rubuta ƙayyade iyali tun daga kanun har ƙasa. To wane magidanci ne zai bari a shigo masa gida da zancen ƙayyade masa 'ya'ya? Abin da takardar turancin take nufi a ba da hutu tsakanin haihuwa da haihuwa, wato tazarar haihuwa, abin da kakanninmu ma sun san shi. Kalma biyu kawai, amma su ne tsakanin a saurare ka da a rufe maka ƙofa. Wannan ba a ƙamus ake samunsa ba, shi ne abin da aka yi shekara huɗu ana koya mana, cewa kalma tana da ma'ana kuma tana da nauyi kuma tana da wanda ake faɗa wa. Ku ma a gidan jarida ai kun fi ni sani, kullum labari yana zuwa muku da turanci kuna juya shi, kuma mu masu karatu muna gane ranar da gwani ne a kan tebur da ranar da aka bar wa injin fassara. Ban ma so na taɓo fassarar da ake rubutawa a ƙasan wasu finafinanmu ba, wadda mai jin turanci yake dariya a wurin da ake kuka.

Saboda haka ni roƙona ga iyaye, idan an ba ɗanku Turanci kar ku tambaye shi wane aiki zai samu tukuna, ku tambaye shi yaushe rabon da ya karanta littafi ya kai ƙarshe ba don jarrabawa ba. Idan ya ce bai taɓa ba kuma ba ya sha'awa, to ku taimake shi ya sake JAMB ko ya nemi canji, don zai sha wahala ya kuma ƙara yawan masu ja mana zagi. Su kuma malamanmu na jami'a, na san aji ya yi muku yawa kuma makin takarda ɗari uku ba wasa ba ne, amma dan Allah a rage tambayar da samari zai iya amsawa, a riƙa yin irin ta malamar nan tawa, gara a ba da littafi biyar a tabbatar an karanta da a jero goma sha biyu a takardar kos don ado. Kai kuma Malam Edita ga naka, ko rabin shafi ne a sati a ware don sharhin littattafai, na Hausa da na turanci, a bar ɗalibai su riƙa aikowa da Hausa, wallahi wanda ya iya bayyana littafin turanci da Hausa mai daɗi ya karanta shi da gaske, ba a iya satar wannan.

Ita dai yarinyar na kai mata littattafai uku daga cikin nawa, har da wancan da ya ja min kariyoba, don daga baya na sayi nawa. Na ce mata ta gwada kafin a fara rijista, idan ta ji ba za ta iya ba ni da kaina zan saya mata fom ɗin JAMB na baɗi. Shekaranjiya wajen ƙarfe ɗayan dare sai ga saƙonta a WhatsApp, wai Baffa me ya sa mutumin nan ya ƙi faɗa wa matarsa gaskiya tun a babi na shida, haushi yake ba ta. Na ce ta ci gaba za ta gani. Yaya kuwa har yanzu yana kan bakansa, jiya ma ya kira ni yana tambaya ko gaskiya ne idan ta samu maki mai yawa a aji ɗaya za a iya mayar da ita lauya a aji biyu. Na ce masa zan tambaya.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani tsohon ɗalibin Turanci, malamin makaranta a Gusau